Getso: Yadda tsadar gyara ta mayar da masu motoci kanikawan kansu

Da sanyin safiya, bayan an sauko daga sallar Asuba kuma masu shayi ba su gama hura wuta ba, akwai abin da ido ya fara sabawa da shi a ƙofar gidaje a garin Getso da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo: mota a tsaye bonet a ɗage, mai ita a sunkuye da tsumma a kafaɗa, ɗansa na haska masa da fitilar waya.

Mai motar ba bakanike ba ne. Wani malamin makaranta ne, wani ɗan kasuwar hatsi, wani kuma direban Golf ɗin haya ne da ke jigila tsakanin Gwarzo da Kano. Yana zaro geji ya duba baƙin mai, ya leƙa ruwan lagireto, ya girgiza kan batir, sannan ya zagaya yana latsa tayoyi da ƙafa.

A da, wannan aikin direbobin manyan motoci ne da tsofaffin 'yan tasha. Mai motar gida kan tashe ta kawai ya kama hanya, sai ranar da ta tsaya masa a daji ya nemi lambar bakanike. Yanzu aljihu ya sauya wannan ɗabi'ar, a Getso da Gwarzo da Kabo da ƙauyukan da ke kewaye da su. Sauyin yana ceton kuɗi da injina. Yana kuma iya cin rai idan aka wuce gona da iri.

Abin da ya tura mutane ƙarƙashin bonet

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce N1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke ƙayyadewa kan kusan N460 ta zarce N1,500 a farkon 2024.

Kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, sabbi da na hannu da ake kira 'yan Beljiyam. Da dala ta tashi, filogi da fanbel da filta da batir duk suka bi ta. Sayen wata motar kuwa ya zama mafarki ga mai albashi, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017. Sai kowa ya rungumi wadda yake da ita.

Motocin da suka riƙe wannan yanki kuma tsofaffi ne. Golf 3 da ake loda wa fasinja da buhuna an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990. Sharan, wadda kowa ke kira Sharon, ta fara fitowa ne a 1995. Akwai ragowar Peugeot daga zamanin da kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ke tashe. Motar da ta haura shekara ashirin da biyar a kan titi, ko wace rana da ƙaramin ciwon da take tashi da shi.

Sannan ga nisa. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kimanin kilomita 70 ne, ta Rimin Gado da Janguza da sabuwar jami'ar Bayero har Kabuga. Akwai kanikawa a Getso da Gwarzo, wasunsu ƙwararru ne da suka yi shekaru a sana'ar, amma idan abin da ya lalace babu shi a shagunan kusa, sai an tura Kasuwar Ƙofar Ruwa. A ba direba kuɗi da tsohon ƙarfen ya je ya gwada, ya dawo da yamma, wani lokaci a tarar bai yi daidai ba a sake mayarwa. Direban haya ya yi asarar yini biyu ke nan a kan abin da bai fi tafin hannu ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi a gaban kanikawa ba, wato amana. Masu motoci a duk faɗin Najeriya sun san labarin indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda cikinta ya yi kama da taliyar yara. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, shi ya sa ake sayenta da daraja. An sha kai mota gyaran abu kaza ta dawo babu ita. Akasarin kanikawa ba sa wannan aika-aika, amma wake ɗaya ya riga ya ɓata gari, kuma mutum kan fi natsuwa idan ya san abin da ke cikin motarsa.

Ƙura da zafi

Idan akwai aiki ɗaya da kowane mai mota a yammacin Kano ya kamata ya iya da hannunsa, to duba matatar iska ne, wadda kanikawa ke kira iyakilina. Inji na shaƙar iska mai yawan gaske kafin ya ƙona lita ɗaya ta fetur, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar nan cike take da ƙurar hunturu. Ga hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka, inda mota ke bin bayan wata cikin jar ƙasa.

Matatar takarda ce a cikin wani baƙin akwati, galibi da 'yan maƙalai ko sukurori huɗu. A buɗe, a ciro ta, a ɗan bubbuga a hankali, a ɗaga ta saitin rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Ba a wanke ta takarda da ruwa. Hura ta da injin mai faci da ƙarfi ma yakan yaga ta a inda ido ba ya gani.

Kuskuren da ya fi muni shi ne cire ta gaba ɗaya, da sunan wai mota ta samu numfashi. Ƙurar da ta shiga inji tamkar yashi ce a tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tana cinye ringi, bayan 'yan watanni mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. An gudu daga sayen takarda an faɗa saukar da inji.

Da hunturu ya wuce sai bazara. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Kano kan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma a nan ne ake ganin motoci a gefen hanya suna tururi. Yawancin masu motoci ruwan rijiya ko na burtsatse suke ɗurawa a lagireto. Ruwan yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a ƙananan hanyoyin lagireto kamar yadda yake yi a gindin buta, ga kuma tsatsa. Duk wanda ya ga ruwan motarsa ya koma launin kunun kanwa, ya ga shaida. Ruwan sanyaya inji na kanti, kore ko ja, yana hana tsatsa kuma yana jure zafi fiye da ruwa zalla. Sai dai guba ne mai ɗan zaƙi, don haka ba a barinsa a buɗe a tsakar gidan da yara da awaki ke yawo.

Dokar farko a nan ba ta da sassauci: ba a buɗe murfin lagireto inji da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, kuma da an murɗa murfin zai yi tsalle zuwa fuska da ƙirji. A kashe mota, a jira har hannu ya iya taɓa tiyon sama, sannan a buɗe da tsumma a hankali. Sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi kuma na iya tsaga shi ko ya ƙone gaskit.

A nan ya dace a taɓo wata al'ada da ta zama kamar farilla a garejin Najeriya: da mota ta iso daga Turai sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Hujjar ita ce tamostat na ƙasashen sanyi ne. Hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90, kuma tamostat ne ke riƙe shi a nan. Idan babu shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfutar motar kuma ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu a sanyaye yake. A zamanin da ake ƙirga fetur da lita, wannan kuɗi ne ke fita ta salansa. Motar da ke zafi tana da dalili: toshewar lagireto, ko yoyon tiyo, ko mataccen murfi, ko fankar da ta daina aiki. Cire tamostat ɓoye ciwon ne kawai.

Damina ma da nata. A Yuli da Agusta ruwa kan cika kwazazzabai da mashigai a hanyoyin ƙauye. Idan ruwa ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, ya shige ciki, fistin ba ya iya matse shi, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Motar da ta mutu a tsakiyar ruwa ba a sake yi mata ki. A tura ta waje, a duba matatar iska. In ta jiƙe, a kira bakanike ya ciro filogi ya fitar da ruwan.

Baƙin mai

Juyen baƙin mai shi ne aikin da aka fi mayarwa gida, domin bai buƙatar kaya da yawa: sifana, kwano, tsumma da sabuwar filta. Ana yin sa inji da ɗumi ba da zafi ba, mota a wuri mai daidai. A kwance notin ƙasan inji, a bar tsohon ya tsiyaye, a shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai kafin a ɗaura ta da hannu, a mayar da noti ba tare da an danne shi da ƙarfin tsiya ba. Masu koyo sun fi yin ɓarna a wurin ɗaure notin nan. Idan zaren ya cinye, mai ya dinga ɗiga ke nan har sai an sake kwanon.

Geji na da alama biyu, ta ƙasa da ta sama. Mai ya tsaya a tsakaninsu. Wasu na ganin ƙarawa ya wuce alamar sama alheri ne ga inji, alhali yana sa man ya yi kumfa ya kuma tura robobin da ke hana yoyo.

Wane mai za a zuba? A kasuwa an fi sanin mai kauri mai lamba 20W-50, kuma tsofaffin injina da suka saki jiki kan zauna lafiya da shi. Amma motoci da yawa na shekarun 2000 zuwa sama, irin su Corolla da Honda, an ƙera su ne don mai marar kauri kamar 5W-30 ko 5W-20. Sau da yawa lambar na rubuce a kan murfin da ake zuba man. Ba a duba ta, sai a ce wa mai shago ya kawo na kowa da kowa.

Babbar matsalar ita ce jabu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama gurɓataccen man inji da aka ɗura a galan mai tambarin sanannun kamfanoni. Ga kuma man awo da ake ɗebowa daga duro a gefen hanya, wanda mai saye ba shi da hanyar sanin asalinsa. Araha ba ta ado. Wanda zai yi juye da kansa ya fi samun kwanciyar hankali idan ya saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ya duba hatimin murfi, kuma ya huda galan ɗin bayan ya gama don kada a sake cika shi a sayar wa wani.

Ga mai na gama-gari, kilomita 5,000 ne ma'aunin da aka saba bi, kuma littattafan motoci da kansu kan ce a rage tazara idan ana yawan bin ƙura. Sai dai a motocin haya da yawa agogon kilomita ya daɗe da mutuwa. Direban da ke zuwa Kano ya dawo sau ɗaya a rana yana cin kusan kilomita 140, wato cikin sati biyar zuwa shida ya cinye wa'adin. Rubuta ranar juye a jikin ƙofa ko a waya ya fi dogaro da launin mai.

Tsohon man kuma matsala ce da ba a cika tunawa da ita ba. A karkara ana shafa shi a katako da azara don korar gara, wasu ma har a jikin dabba mai ƙaswa. Mafi yawa kuwa a bayan gida ake tuttular da shi, wani lokaci taku kaɗan daga rijiya. Mai ne da ya kwashi ƙarfe da dattin ƙonewa, kamfanonin da ke yin sa ma kan rubuta gargaɗi game da yawan taɓa shi da fata. A tara shi a jarka a kai wa masu saye a gareji.

Taya da batir

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wayar da kai kan tayoyin da suka tsufa, tana cewa wa'adinsu shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Wasu kamfanonin taya na ba da wa'adin da ya fi haka, amma ko ma wane aka bi, sai an iya karanta ranar. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019.

Doka ta hana shigo da tayoyin hannu Najeriya, amma su ne suka cika kasuwa, domin su ne aljihu ke iya ɗauka. A cikinsu akwai waɗanda aka yi don ƙanƙarar Turai, masu hoton dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefe. Robarsu taushi gare ta, kwaltar bazara na cinye ta da wuri. Zanen taya na iya zama da sauransa alhali gefenta ya tsattsage ko ya yi ƙulu. Taya mai ƙulu ba ta gyaruwa.

Batun iska kuwa, an bar wa mai faci ya yanke hukunci, shi kuma yakan cika ta har ta yi tauri kamar dutse, musamman ga motar da za a yi wa lodi ranar kasuwa. Adadin da kamfani ya ƙayyade na manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin fetur, kuma ga ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35, da ɗan ƙari idan an yi lodi. Ana aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Ƙarancin iska ma haɗari ne, yana dafa taya daga ciki, yana kuma ƙara shan mai. Ɗan ƙaramin gejin iska na aljihu bai kai kuɗin faci kaɗan ba.

Batir ba ya son zafi, shi ya sa ba ya daɗewa a nan kamar yadda yake yi a ƙasashe masu sanyi. Sau da yawa kuma motar da ta ƙi tashi da safe ba batir ne ya mutu ba, kansa ne ya yi farin gari ko ya saki. A kwance, a wanke da ruwan zafi, a goge da burushin ƙarfe, a ɗaure. Wajen kwancewa ana fara cire baƙin kai mai alamar ragi, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Dalilin shi ne idan sifana ta haɗa jan kai da jikin mota alhali baƙin na ɗaure, wuta za ta tashi.

Da 'yar mita mai araha mutum zai iya raba gardama. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan 12.6. Idan inji na aiki ya kamata ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, alamar caji na shiga. Wannan ya fi tsohuwar dabarar zare kan batir mota na aiki don a ga ko za ta mutu. A tsohuwar Peugeot an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da kwamfuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, dabarar na iya ƙone abin da ya ninka batir tsada.

Haka fiyus. Idan ya ƙone, akwai abin da ya ƙona shi. Maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari na nufin a karo na gaba wayarin motar ne zai ƙone a madadinsa.

Wayar hannu ta shigo gareji

Matasan masu motoci na da abin da iyayensu ba su samu ba. A YouTube da TikTok akwai bidiyon kusan kowane ƙaramin gyara, wasu ma da Hausa, kuma a zaurukan WhatsApp ana tura hoton ƙarfe ko ƙarar inji a tambayi ra'ayi.

Akwai kuma 'yar na'urar da ake soka wa mota a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari, ta haɗu da waya ta faɗi abin da ya kunna fitilar inji. Amurka ta wajabta wannan soket a motocinta tun 1996, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Saboda haka Corolla ko Camry da aka shigo da ita daga Amurka za ta yi magana da na'urar, amma tsohuwar Golf ba lallai ba ne. Lambar P0300 na nufin inji na tsallake wuta. P0420 na nuni ga tukunyar tace hayaƙi, kuma ba mai mota ɗaya ba ne ya gano ta wannan lambar cewa indominsa ya daɗe da yin ƙafa.

Na'urar tana nuna inda ciwo yake, ba ta faɗin abin da ya kawo shi. Goge lambar don fitila ta mutu kuma ba gyara ba ne, ko da yake masu sayar da mota sun ƙware a hakan. A wasu ƙasashen ma sai da aka kai ruwa rana kafin mai mota ya samu wannan damar. A 2012 masu zaɓe a jihar Masacusets ta Amurka suka amince da dokar da ta tilasta wa kamfanonin motoci buɗe bayanan gyara ga masu motoci da ƙananan gareji.

Inda ya kamata hannu ya tsaya

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma babu inda maganar ta fi zama gaskiya kamar a birki.

Duba man birki a ɗan kofinsa abu ne da kowa zai iya. Idan yana raguwa da sauri, akwai yoyo, kuma motar ba ta hawa titi sai an gano shi. Abin da wasu direbobin haya ke yi a irin wannan hali shi ne kaɗa omo da ruwa su ɗura, su ci gaba da lodi. Feda kan yi tauri, sai a ɗauka an yi dabara. Amma ruwa na tafasa a digiri 100, sabon man birki na DOT 3 kuwa sai ya wuce 205, na DOT 4 ya wuce 230. Mota mai fasinja da buhunan masara idan ta taka birki sau da yawa a jere, zafin ya isa ya mayar da ruwan tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. Ga shi ruwan omo na cin robobi yana sa tsatsa. Mutanen da ke cikin motar ba su san da wannan caca aka ɗauko su ba.

Canza fad ɗin birki, fitar da iska daga layinsa, taɓa sitiyari da ƙafar mota, ɗaura taimin bel: waɗannan na wanda ya koya ne a hannun oga. A injina da yawa, idan taimin bel ya goce da 'yan haƙora ko ya tsinke, fistin da bawul za su yi karo. Bidiyon minti goma ba ya koyar da abin da yaron gareji ke shafe shekaru yana kallo.

Sai jak. An yi shi ne don ɗaga mota a canza taya, ba don mutum ya shige ƙarƙashinta ba. A ƙofar gida inda ƙasa rairayi ce ko ta jiƙe, jak kan nutse ko ya zame ba tare da gargaɗi ba. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yana fashewa farat ɗaya. A ja birkin hannu, a sa gaba da bayan taya waigi, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, a tura safaya ƙarƙashin motar. Sannan a kori yara daga wurin, domin su ne ke jingina da mota.

Fetur ma na da nasa tarkon. Saboda tsada, mutane da yawa na yawo da tanki kusan a bushe, suna sayen lita biyu ko uku a wurin 'yan bumburutu. Famfon mai na motocin zamani a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka yawo a kan ja yana gajarta masa kwana. Ingancin man ma ba kullum ake da tabbas a kansa ba. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, bayan masu motoci sun fara kokawa da lalacewar injina. Idan famfo ya mutu, wasu kan sauke tanki a tsakar gida, kusa da madafa, ko su zuƙo fetur da baki ta tiyo. Tururin fetur na bin ƙasa ya tarar da garwashi a nesa, kuma kurɓi ɗaya da ya sarƙe zuwa huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti. Barin mota tana aiki a rufaffen gareji ko zaure shi ma kisa ne marar wari, irin wanda hayaƙin janareta ya sha yi wa iyalai.

Kanikawa ba su rasa aiki ba

Ƙorafin da ake ji daga ɓangaren kanikawa shi ne ƙananan ayyukan da ke kawo kuɗin cefane, irin su juye da canza filogi, sun ragu, kuma motar da ke zuwa yanzu sau da yawa sai an gama jagwalgwala ta a gida: an karya noti, an cinye zare, an haɗa waya a inda ba nan ba. Suna da gaskiya a wannan. Amma mai motar da ya san geji da fiyus ya fi daɗin sha'ani, domin yana zuwa da wuri, kuma yana iya cewa ga lokacin da ƙarar ta fara, ga inda take fitowa. Ba ya tsayawa a ce wa oga mota dai ba ta da lafiya.

A ƙauyukan da ke kewaye da Getso, mota ɗaya kan zama ta unguwa guda. Ita ake bugawa ƙofa da ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta zo da gardama ko maciji ya sari yaro a gona. Daga nan sai Babban Asibitin Gwarzo, in kuma abin ya fi ƙarfinsu a ce a wuce Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. A wannan sa'ar babu gareji a buɗe, babu mai faci, gidajen mai da yawa sun rufe.

Shi ya sa a but ɗin irin waɗannan motoci ake samun safaya mai iska, jak da wil sifana, galan ɗin ruwa, ragowar baƙin mai, tsohon fanbel da aka ajiye bayan an sa sabo, 'yan fiyus a cikin kwalin ashana, da tocila. Wasu masu motocin ba sa kwanciya sai sun juya ta ta fuskanci hanya, a ɗan gangare, ko da batir zai ba da kunya a tura ta ta tashi.